Kishi, kuɗi da takardu: abin da ya raba 'yan Beatles

A ranar ƙarshe ta watan Maris na 1970, Ringo Starr ya ɗauki wata wasiƙa daga ofishin kamfanin Apple da ke titin Savile Row a Landan, ya nufi gidan Paul McCartney a unguwar St John's Wood. Da farko masinja za a bai wa, sai Ringo ya ga bai kamata a ce bare ne zai kai wa ɗan'uwansu irin wannan saƙo ba, ya ce shi zai kai da hannunsa. John Lennon da George Harrison ne suka sa hannu a wasiƙar. Abin da ta ƙunsa shi ne sun umarci kamfanin EMI ya ɗage fitar da faifan da Paul ya yi shi kaɗai, daga 17 ga Afrilu zuwa farkon Yuni, don kada ya ci karo a kasuwa da sabon kundin ƙungiyarsu ta kiɗa, Beatles, mai suna Let It Be.

Paul ya karanta, ya hau Ringo da faɗa. A takardar rantsuwar da Ringo ya miƙa wa kotu daga baya, ya ce Paul ya fita hayyacinsa, yana ta nuna shi da yatsa har kusa da fuska, daga ƙarshe ya ce masa ya ɗauki kwat ɗinsa ya fice masa daga gida. Ringo kuwa shi ne mai sanyin halin cikinsu, wanda ba ya faɗa da kowa, kuma kowa yakan kai masa kuka. Ya koma ya roƙi sauran biyun su ƙyale Paul ya fitar da faifansa a ranar da ya sa, suka yarda. Amma kwana goma bayan haka, ranar 10 ga Afrilu, jaridar Daily Mirror ta fito da babban kanu cewa Paul ya bar Beatles.

Shekara fiye da hamsin ke nan ana tambayar wa ya raba su. Amsar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce Yoko Ono, matar John. Wannan amsa ta yi arha, kuma zalunci ce. Wanda ya bi labarin daki-daki zai ga cewa kishin da ke tsakanin samarin nan huɗu ya girmi zuwan Yoko da shekaru, kuma sun daɗe suna zaune da shi lafiya, har ma suna cin moriyarsa. Abin da ya mayar da kishin ya zama shari'a shi ne mutuwar mutumin da ke shiga tsakaninsu, da kuma takardun da suka sa wa hannu tun suna yara, ba su san abin da ke ciki ba.

Alƙawarin samartaka

John da Paul sun haɗu ne ranar 6 ga Yuli, 1957, a wani bikin coci a unguwar Woolton ta birnin Liverpool. John yana da shekara 16, Paul yana da 15. Paul ya rasa mahaifiyarsa a 1956, John ya rasa tasa a 1958 lokacin da mota ta buge ta, kuma wannan maraici ya ƙara haɗa kansu. George Harrison, wanda ya fi su ƙuruciya, Paul ne ya kawo shi a 1958. Ringo ya shigo a ƙarshe, a watan Agusta na 1962, bayan an sallami mai gangunan da ya gabace shi, Pete Best. Kafin nan sun sha wahalar kiɗan dare a gidajen rawa na Hamburg a Jamus, suna kwana a ɗaki ɗaya, suna raba abinci. A watan Fabrairu na 1964 mutum wajen miliyan 73 suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, kuma daga ranar babu wata ƙungiyar kiɗa a duniya da ta kama ƙafarsu.

Tun kafin a san su, John da Paul suka yi alƙawari cewa duk waƙar da ɗayansu ya rubuta, sunan su biyun za a sa. A farkon tafiya hakan gaskiya ce, domin zama suke yi fuska da fuska, kowa da gitarsa, su ƙirƙiri waƙa tare. Daga baya kowa ya koma yana rubuta tasa a gida, ya kawo, ɗayan ya gyara baiti ko ya ƙara amshi. Nan gasa ta samo asali. Idan John ya zo da wadda ta girgiza kowa, Paul zai tafi gida bai da sukuni sai ya kawo wadda ta fi ta. John ya rubuta Strawberry Fields Forever a kan wani wuri na ƙuruciyarsa a Liverpool, Paul ya mayar masa da martani da Penny Lane, aka fitar da su a faifai ɗaya a 1967. Masu sauraro ne suka ci ribar wannan gasa.

Amma tana da ɗaci. A wancan zamani ƙaramin faifai fuska biyu gare shi, kuma waƙar da ke fuskar farko ita gidajen rediyo ke sawa, ita ke tashe. Tun daga 1967 waƙoƙin Paul suka riƙa cinye wannan gurbi. Aka sa Hello, Goodbye a gaba, I Am the Walrus ta John ta koma baya. A 1968 Hey Jude ta danne Revolution. John, wanda shi ya kafa ƙungiyar kuma shi ake ɗauka a matsayin jagora, ya ga ƙaninsa yana wuce shi a kasuwa. Akwai kuma Yesterday ta 1965, wadda Paul ya rera shi kaɗai da masu goge huɗu, babu ko ɗaya daga cikin sauran ukun, ta kuma zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da mawaƙa suka fi maimaitawa a duniya. John ya yi shekaru ana tare shi ana yaba masa a kan waƙar da bai sa ko kalma ɗaya a cikinta ba. A nasa ɓangaren, Paul ya san masu sharhi suna ɗaukar John a matsayin mai zurfin tunani, shi kuma mai waƙar daɗin kunne kawai, kuma John kansa yakan kira wasu waƙoƙin Paul kiɗan tsofaffin mata. Kowannensu yana jin ɗayan ya samu abin da shi ya rasa.

Wanda ya fi ba ni tausayi a labarin shi ne George. Ya shigo yana yaro ɗan shekara 14 ko 15, kuma manyan biyun ba su taɓa daina kallonsa a matsayin ƙaramin ƙane ba, har bayan ya zama magidanci. A yawancin kundi waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi. Sai an gama kwanaki ana tace ta John da ta Paul, sannan a juyo kan tasa a gurguje, kowa ya gaji. Paul yakan gaya masa yadda zai kaɗa gitarsa, sautin da zai taɓa da wanda zai bari. A 1968 da ya ga ba a ɗauki While My Guitar Gently Weeps da muhimmanci ba, sai ya gayyato abokinsa Eric Clapton ya kawo shi ɗakin ɗaukar murya, domin ya san gaban baƙo kowa zai nutsu. Hakan kuwa aka yi. Mutumin da sai ya kawo baƙo kafin 'yan'uwansa su saurare shi, ba sai an tambaye shi abin da ke ransa ba.

Kwabo ɗaya a kan kowane faifai

Duk wannan yana nan, amma akwai Brian Epstein. Ɗan wani gidan 'yan kasuwa ne a Liverpool, yana kula da shagon sayar da fayafayai na iyalinsa. Ya gan su suna kiɗa a gidan rawa na Cavern a ƙarshen 1961, ya zama manajansu, ya sa musu kwat, ya yi ta yawo da muryarsu kamfani-kamfani ana korarsa har George Martin na EMI ya karɓe su. Ƙaunar da yake musu ba ta da shakka. Shi ne ke riƙe da kuɗi da tafiye-tafiye da takardu, kuma idan rai ya ɓaci shi ne babban da ake kai wa ƙara. Saboda yana nan, ba su taɓa zama su huɗu suna gardamar kuɗi ba.

Sai dai Epstein bai ƙware a cinikin da ya shiga ba, kuma babu wanda ya taɓa riƙe haja mai girman tasu da zai koya a wurinsa. Kwantiragin farko da EMI ya ba su kwabo ɗaya ne a kan kowane ƙaramin faifai da aka sayar, su raba su huɗu, bayan Epstein ya cire kamashonsa, wanda ya kai kashi 25 cikin 100. Da aka zo cinikin kayan da ke ɗauke da sunansu da hotonsu a Amurka, riguna da 'yar tsana da sauransu, an bar wa kamfanin Seltaeb kashi 90, su suka tashi da 10, kafin daga baya a gyara. Mafi muni shi ne kamfanin Northern Songs da aka kafa a 1963 don riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙin John da Paul. Wani mai buga waƙoƙi, Dick James, da abokin kasuwancinsa Charles Silver suka ɗauki rabi. John da Paul suka samu wajen kashi 20 kowanne, kamfanin Epstein ya samu 10. A 1965 aka kai kamfanin kasuwar hannun jari ta Landan don rage nauyin haraji, kason John da Paul ya sauka zuwa 15 kowanne. George da Ringo kuwa ko kashi ɗaya ba su cika ba kowannensu, alhali waƙoƙin George na farko a wannan kamfani suke. Wato John da Paul sun fi George cin ribar waƙar da George ya rubuta. Har waƙa ya yi a kan haka, Only a Northern Song.

Sun daina wasa a gaban jama'a bayan 29 ga Agusta, 1966, a filin Candlestick Park na San Francisco, saboda ihun 'yan kallo ya hana su jin kiɗansu, ga barazanar kisa. Aikin Epstein ya ragu. Ranar 27 ga Agusta, 1967, suna garin Bangor a Wales wurin malamin nan ɗan Indiya Maharishi Mahesh Yogi, aka yi musu waya cewa an tsinci gawar Epstein a gidansa. Maganin barci ne ya yi masa yawa. Shekararsa 32. John ya faɗa daga baya cewa tun a ranar ya san sun shiga uku, domin shi bai san komai ba sai kiɗa.

Paul ne ya yi yunƙurin cike gurbin. Shi ke buga waya yana tara su, shi ke kawo shawarar aiki na gaba. Ba na ganin laifinsa a nan, domin da bai yi ba, da wuya a samu kundin da suka biyo baya. Amma abin da aka yarda Epstein ya yi, ba a yarda tsara ya yi shi ba. Aikin farko da ya jagoranta, fim ɗin Magical Mystery Tour, an nuna shi a BBC ranar 26 ga Disamba, 1967, jaridu suka yi masa ca. Karo na farko ke nan da Beatles suka yi abu aka kushe, kuma kowa ya san shawarar wa ce.

Sannan ga Apple. A lokacin gwamnatin Harold Wilson masu babban samu a Ingila suna biyan harajin da ya haura kashi 90 cikin 100, kuma akantoci suka ba su shawara su zuba kuɗin a kasuwanci maimakon su miƙa wa gwamnati. Suka kafa Apple Corps a 1968 da kyakkyawar niyya: duk mai basira ya zo a taimake shi ba sai ya durƙusa wa manyan kamfanoni ba. Sashen waƙa ya yi abin kirki, ya fito da Mary Hopkin da James Taylor. Sauran kuwa ɓarna ce. Shagon tufafin da suka buɗe a titin Baker a Disamba na 1967, sata ta cinye shi, a ƙarshen Yuli na 1968 suka raba ragowar kayan kyauta suka rufe. Wani ɗan ƙasar Girka, Alexis Mardas, ya karɓi kuɗi da alƙawarin gina musu ɗakin ɗaukar murya irin wanda ba a taɓa gani ba, da aka zo amfani da shi bai yi aiki ba. Ofishin Savile Row ya zama wurin cin banza, baƙi suna shiga suna fita, ana ci ana sha da kuɗin kamfani. A Janairu na 1969 John ya gaya wa wata jaridar waƙa cewa idan aka ci gaba a haka, cikin wata shida za su tsiyace.

Yoko, da abin da ta tarar

John ya fara ganin Yoko Ono a wani baje kolin zane a Landan a Nuwamba na 1966, amma sai a tsakiyar 1968 suka zama ba sa rabuwa. Ya riƙa zuwa da ita ɗakin ɗaukar murya, tana zaune kusa da shi, wani lokaci tana faɗin ra'ayinta. Tsohuwar al'adarsu ita ce mata ba sa zama a wurin aiki, kuma sauran ukun sun ji haushi, wannan gaskiya ne. Paul ya rasa abokin shawara na shekara goma sha ɗaya, kuma ya ji zafin haka. Amma John ne ya kawo ta, da gangan, domin ya riga ya gaji da zama ɗan Beatles, kuma a wannan lokaci ya faɗa shan muguwar ƙwayar nan mai suna heroin, wadda ta ƙara nisanta shi da kowa. Jaridun Ingila suka yi wa Yoko rubdugu, da yawa daga cikin zagin kuwa don ita mace ce 'yar Japan. Paul da kansa ya sha faɗa a shekarun baya cewa ba ita ta raba su ba.

Dubi waɗanda suka fara ficewa. A Yuli na 1968, ana tsakiyar aikin kundin da aka fi sani da Farin Kundi, injiniyan sautinsu Geoff Emerick ya ajiye aiki saboda ya gaji da zage-zage. An kwashe kwanaki ana maimaita Ob-La-Di, Ob-La-Da, waƙar da Paul ya ɗauko sunanta daga bakin wani makaɗi ɗan Najeriya mazaunin Landan, Jimmy Scott, John kuwa ya tsane ta. A Agusta Ringo ya tafi, yana jin kamar shi ne bare a cikinsu, ya yi wajen mako biyu a tsibirin Sardiniya. Suka aika masa ya dawo, ya tarar an lulluɓe gangunansa da furanni. Ranar 10 ga Janairu, 1969, a ɗakin ɗaukar fim na Twickenham, George ya tashi a lokacin abincin rana ya ce ya bar ƙungiyar. Kwanaki kaɗan kafin nan kyamara ta ɗauke shi yana gaya wa Paul, cikin murya mai sanyi da ta fi ihu ciwo, cewa duk abin da Paul ke so zai kaɗa, idan ma ba ya so ya kaɗa komai to zai bari. Ya dawo bisa sharaɗi, ya kuma sake dabarar nan ta kawo baƙo, wato mai fiyano Billy Preston. Ranar 30 ga Janairu suka hau rufin ofishin Apple suka yi kiɗa na minti 42 har 'yan sanda suka zo. Fim ɗin Get Back na Peter Jackson da ya fito a 2021 ya nuna wannan wata kusan gaba ɗaya, kuma abin da mai kallo zai gani shi ne mutane huɗu da har yanzu suke ba juna dariya, suke jin daɗin kiɗa tare, Yoko tana gefe tana karatun jarida ko saƙa. Da kiɗa kaɗai ne a tsakaninsu, da sun iya ɗaukar hutu su dawo.

Uku da ɗaya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allen Klein, wani akanta daga New York, ya karanta maganar John ta tsiyacewa, ya nemi ganinsa. Sana'ar Klein ita ce binciko kuɗin mawaƙa da kamfanoni suka danne, ya ƙwato musu, kuma ya yi wa Sam Cooke da Rolling Stones aiki. Sun haɗu a otal ɗin Dorchester a ƙarshen Janairu na 1969. Klein ya zo da shiri. Ya san waƙoƙin da John ya rubuta daga waɗanda Paul ya rubuta, ya girmama Yoko a matsayin mai fasaha, kuma shi ma maraya ne da ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a gidan marayu. A daren John ya damƙa masa al'amuransa.

Paul kuwa yana da nasa 'yan takarar: Lee Eastman, babban lauya a New York, da ɗansa John Eastman. Matsalar ita ce Lee mahaifin Linda ne, wadda Paul ya aura ranar 12 ga Maris, 1969, kwana takwas kafin John ya auri Yoko a Jibralta. A idon sauran ukun, mutumin da ya riga ya dame su da iko a wurin aiki yanzu yana so ya ɗora surukinsa a kan dukiyarsu. Ba za su yarda ba, kuma wa zai ga laifinsu? Paul kuma ya ji labarin Klein daga majiyoyi da dama, ya tabbata mutumin ba abin amincewa ba ne. Shi ma yana da gaskiya. Sai dai ya ɓata gaskiyarsa da ya kawo suruki maimakon wani bare da kowa zai yarda da shi.

Suna cikin wannan ja-in-ja dukiyar ta riƙa zubewa. Iyalan Epstein suka sayar da kamfaninsa na NEMS, mai karɓar kamasho daga kuɗin fayafayansu, ga wani kamfanin zuba jari mai suna Triumph. A Maris, Dick James, wanda ya ga alamar rushewa, ya sayar da hannun jarinsa na Northern Songs ga kamfanin ATV na Lew Grade ba tare da ya gaya wa John ko Paul ba. Suka tashi neman ƙwace kamfanin, kuma a wurin lissafin abin da kowa ke da shi ne asiri ya tonu: Paul ya daɗe yana sayen ƙarin hannun jari a ɓoye, yana da 751,000, John yana da 644,000. Bambancin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da girman kamfanin, amma ga John cin amana ne ga alƙawarin raba daidai da suka yi tun suna samari. Bangarorin biyu suka kasa tafiya da murya ɗaya, masu hannun jarin da ke tsakiya suka koma wajen Grade, kuma kafin ƙarshen 1969 John da Paul sun rasa ikon mallakar waƙoƙin da suka rubuta da hannunsu.

A watan Mayu, John da George da Ringo suka sa hannu a takardar naɗa Klein manaja, da kamashon kashi 20. Ranar 9 ga wata suka tare Paul a ɗakin ɗaukar murya na Olympic suna so ya sa nasa hannun a take. Ya ce ƙungiya mai girman tasu kashi 15 ya isa, kuma a jira lauyansa. Suka ce jan ƙafa yake yi, suka tafi suka bar shi. A ganina wannan dare ne ƙungiyar ta mutu. Tun farkonsu ƙa'idarsu ita ce idan mutum ɗaya ya ƙi abu, an fasa. Ranar aka koma ƙidayar hannu, uku suka rinjayi ɗaya. Klein ya shiga Apple ya kori ma'aikata da dama, har da Alistair Taylor da ke tare da su tun zamanin Epstein.

Abin mamaki, a cikin wannan hali suka yi Abbey Road, kuma waƙoƙi biyu da suka fi fice a cikinsa, Something da Here Comes the Sun, na George ne. Ranar 20 ga Agusta ce rana ta ƙarshe da su huɗun suka haɗu a ɗakin ɗaukar murya. A Satumba aka yi wani zama da aka naɗa a kaset domin Ringo yana asibiti. John ya kawo shawarar cewa a kundi na gaba shi da Paul da George kowa ya samu waƙa huɗu, Ringo biyu idan yana so, kuma kowa ya sa sunansa a kan tasa. Paul ya ce shi a ganinsa sai a wannan kundin ne waƙoƙin George suka yi kyau. George ya amsa cewa wannan ra'ayi ne kawai, mutane sun daɗe suna son waƙoƙinsa. An zo gyara, amma an makara da shekaru.

Ranar 20 ga Satumba, mako guda bayan John ya yi wasa a Toronto da wata ƙungiya tasa, suka taru don sa hannu a sabon kwantiragi da Klein ya ƙwato musu daga kamfanin Capitol na Amurka, mai kaso mafi tsoka da aka taɓa ba su. Paul yana ba da shawarar su koma yin wasa a ƙananan gidajen rawa kamar da, sai John ya katse shi ya ce shi ya bar ƙungiyar, saki yake so. Aka roƙe shi ya yi shiru don kada ciniki ya lalace, ya yi shiru. Shi ya sa da labarin Paul ya fito a jarida bayan wata bakwai, John ya fusata: shi ya fara tafiya, ya rufe bakinsa don amfanin kowa, sai ga Paul ya sanar da duniya a daidai lokacin da yake tallar faifansa. Har a wurin rabuwa gasar ba ta bar su ba.

Paul ma yana da nasa ciwon. An miƙa muryoyin Let It Be ga furodusa Phil Spector, wanda ya lafta wa The Long and Winding Road goge da 'yan amshi ba tare da an tambayi mai waƙar ba. Paul ya rubuta wa Klein a gyara, ba a kula shi ba. Tun kafin nan, bayan John ya ce ya bar ƙungiyar, ya koma gonarsa a yankin Kintyre na Sikotilan cikin baƙin ciki da shan giya, kamar yadda ya bayyana da bakinsa daga baya.

Ficewa a baki ba ta sake shi ba. A Afrilu na 1967 su huɗun sun sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa ta shekara goma, wadda ta ce duk abin da ɗayansu ya samu daga faifai, ko da shi kaɗai ya yi, asusu ɗaya zai shiga, asusun kuwa yanzu yana hannun Klein. Sauran ukun suka ƙi warware yarjejeniyar, suna cewa haraji zai cinye su. Lauyoyi suka gaya wa Paul ba zai iya ƙarar Klein ba tunda babu takarda a tsakaninsu, sai dai ya yi ƙarar abokansa. Ranar 31 ga Disamba, 1970, ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Landan. Ranar 12 ga Maris, 1971, Mai shari'a Stamp ya ba shi gaskiya, ya nuna bai gamsu da bayanan Klein ba, ya naɗa wani akanta mai zaman kansa ya riƙe dukiyar. Jama'a suka ɗauki Paul a matsayin wanda ya kai 'yan'uwansa kotu. Faɗan ya koma cikin waƙa: Paul ya yi habaici a Too Many People, John ya mayar da zagi ƙarara a How Do You Sleep?, George kuma shi ya kaɗa masa gita a ciki. George ɗin ya riga ya fitar da All Things Must Pass a Nuwamba na 1970, faifai uku cur, da yawansu waƙoƙin da ya tara ne shekara da shekaru ba a ba su wuri ba, ya kuma hau saman jadawalin ciniki a Ingila da Amurka.

Ba a daɗe ba ukun suka gane Klein. A 1973 suka ƙi sabunta kwantiraginsa, John ya amsa a talabijin cewa mai yiwuwa zargin Paul gaskiya ne. Klein ya maka su a kotu yana neman dala miliyan 19, aka sasanta a 1977 a kan wajen miliyan 5. George ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. An yi ƙararsa cewa My Sweet Lord ta yi kama da wata tsohuwar waƙa, He's So Fine, kuma Klein, wanda ya fara tsaya masa a shari'ar yana manajansa, daga baya ya je ya sayi kamfanin da ke ƙarar. A 1980 Klein ya yi wata biyu a kurkuku a Amurka kan laifin haraji. Takardun warware haɗin gwiwar kuwa sai a Disamba na 1974 aka gama su. Paul da George suka jira John a otal ɗin Plaza na New York bai zo ba, sai bayan kwanaki ya sa hannu a Florida, kotu ta tabbatar ranar 9 ga Janairu, 1975. John da Paul sun shirya, suna waya, Paul yakan ziyarce shi a New York, amma ba su sake fitar da waƙa tare ba har aka harbe John ranar 8 ga Disamba, 1980.

Waƙoƙin nasu kuwa sun ci gaba da sauya hannu. A 1984 aka sa sashen waƙoƙi na ATV a kasuwa, a 1985 kuma Michael Jackson, wanda Paul da kansa ya nuna wa ribar mallakar waƙoƙi lokacin da suke aiki tare, ya saye shi a kan dala miliyan 47.5. Bayan shekara goma ya haɗa shi da kamfanin Sony, kuma a 2016 Sony ya biya magadansa dala miliyan 750 ya karɓi ragowar rabin. A Janairu na 2017 Paul, yana da shekara 74, ya shigar da ƙara a New York yana dogaro da dokar Amurka da ke bai wa marubuci damar karɓar haƙƙin tsofaffin waƙoƙinsa bayan shekara 56. Cikin 'yan watanni shi da Sony suka sasanta a wajen kotu, bisa sharuɗɗan da suka amince ba za a bayyana ba.